Robar da Ke Kumbura a Famfon Tungarmu

Ni mai gyaran famfo ne. Kafin nan ginin rijiya nake yi, ni da wana. Na bar wannan aikin ranar da aka jawo ni da igiya daga rijiyar tungarmu, aka bar shi a ciki.

Tungarmu tana kan tudu, gaba da Matankari, inda ruwa ke da nisa. Rijiyar ta fi gaba talatin. Wata shekara da bazara ruwanta ya ja baya, maigari ya ce mu sauka mu ƙara mata zurfi. Wana yana ƙasa yana haƙa. Ni ina sama da shi kaɗan a kan katako, ina karɓar bokiti ina ɗaura wa igiya. Gefen rijiyar ya zube. Ƙasa ta kama ni har ƙirji, shi kuma ta rufe shi duka. Da aka fito da ni ƙafata ta hagu ta karye wuri biyu.

Kwana biyu ana jin bugu daga ƙasa, kamar diga a kan dutse, a hankali, ya tsaya, ya dawo. Duk wanda ya gwada sauka sai ƙasa ta ƙara zubowa. Rana ta uku bugun ya daina. Liman ya yi masa salla a bakin rijiyar. Aka shimfiɗa ƙarafa, aka zuba siminti. Ba a yi masa wanka ba, ba a sa masa likkafani ba. Matarsa tana tsaye bayan mutane lokacin da ake shafe simintin. Ba ta yi kuka ba, kallo kawai take yi.

Tun ranar ban sake leƙa ramin da ya wuce tsawona ba.

Shekara biyu matan tungar suna bin jakuna zuwa wani gari ɗibar ruwa. Sannan aka zo da babbar mota aka huda foraji, wato rijiyar burtsatse, taku ashirin daga rufaffiyar rijiyar, aka kafa famfon ƙafa. Masu kafawa suka nemi wanda za su koya wa gyara. Na ce ga ni. Aikin ruwa ne da ba a sauka.

Famfon ƙafa ba shi da wuyar ganewa. Akwai feda da ake takawa. Ƙarƙashinta akwai sandar ƙarfe da ke shiga bututu, a bakin sandar akwai zoben roba, juwan muke ce masa. Shi ke hana ruwa kuɓucewa ta gefe. In an taka, ruwan ya bi tiyo har ƙasa, ya hura wata jakar roba da ke can cikin duhu. Ni salka nake ce mata. In ta kumbura ta turo ruwan sha sama, in ta sace ta mayar da feda wurinta. Famfon ke nan duka, zobe a sama, salka a ƙasa. In zoben ya mutu, ko ka taka har la'asar ba ka ganin ɗigo.

Ban yi lakkwal ba, ban san boko ba. Lambobin da ake bugawa a ledar kaya ba sa gaya mini komai. Da hanci da haƙori na koyi roba. A ido duk baƙa ce, amma ba ɗaya ba ce. Akwai ta ruwa. Tana jure rana, tana jure zafi, sai ta shekara a fili ba ta tsage ba. Abokin gabanta mai ne. Da ya taɓa ta sai ta sha, ta yi laushi, ta kumbura. Akwai ta mai, wadda makanikai ke sa wa injin gazuwal, wato man dizal. Ita mai bai dame ta ba, rana ce ke farfasa ta. Akwai ta cikin taya, da muke yanka zobe da ita in kaya sun yanke, tana kai mutum mako biyu ko uku. Akwai wata ja mai santsi ta wurin wuta, ba ta son gurza. Ta ruwa in ka cije ta tana turo haƙorinka baya. Ta mai ta fi tauri, in ka ƙona gefenta hayaƙin yana kama maƙogwaro.

Da wannan sanin na ci abinci shekaru da yawa. Na koma Dutsi da zama, na sayi babur, moto muke ce masa, ina bin famfuna daga wajen Kiyeshe har Gesheme. Famfon tungarmu sau ɗaya nake zuwa masa a shekara. In canza zobe, in gaida mutane, in gaida matar wana, in koma kafin azahar. Ba na zama kusa da simintin nan.

Wata bazara maigari ya kira ni a waya. Ya ce famfo ya ƙi. Wata biyu ke nan da na canza masa zobe.

Na iske mata sun jera bidon, wato jarkoki, da bokiti, layin ya kai har wurin shan dabbobi. Na lura an sake shafe simintin rijiyar, an yi masa ɗan gini a kewaye. Aka ce samarin tungar ne suka yi, masu kasuwanci a Dutsi, don tsohon ya tsage. Ban matsa kusa ba. Na kwance kan famfon na jawo sandar. Ta ƙi fitowa. Sai da na sa ƙafa na ja da ƙarfi, ta fito da wani sauti kamar an cire kofato daga laka.

Zoben ya ninka kaurinsa. Baƙinsa ya koɗe. Na danna shi da yatsa, yatsan ya shiga, wurin bai dawo ba. Na taɓa fito da mutum daga rijiya bayan kwana uku a ruwa. Haka fatarsa take.

Sai ƙamshi ya taso.

Matan da ke kusa suka ja baya. Wata tsohuwa ta sa gefen zanenta a hanci.

"Wanga ƙamshi na san shi," in ji ta.

Ba wanda ya tambaye ta. Duk mun san shi. Turaren da ake yayyafa wa likkafani ne.

Na sa sabon zobe, na ɗaure, na taka. Ruwa ya zo. Na ɗiba a hannu na shinshina. Ruwan ba ya ƙamshi, kan famfon ne kawai. Na hau moto na tafi, har na wuce Matankari ƙamshin yana hannuna.

Kwana tara aka sake kirana. Zoben ya kumbura kamar na farko. Na canza. Na uku kwana shida ya yi.

Na san mai ke kumbura roba. Na duba ko'ina. Ba mai a famfon nan. Tun ranar farko an hana mu sa masa girisi, kuma ban taɓa sawa ba. Na tambayi 'yan komite ko wani ya zuba man inji don feda ta yi laushi. Suka rantse. Da dare da sarƙa suke ɗaure ta, makullin yana wuyan ɗayansu. Na canza shagon da nake sayen kaya. Haka dai.

Sannan mata suka fara ba da labarin feda. Wai in an gama ɗiba da hantsi, mace ta ƙarshe ta sauke ƙafa, fedar tana zama a ƙasa. Sai an yi nisa, ba kowa a wurin, ta ɗago da kanta, a hankali, da wani numfashi mai tsawo daga cikin bututu. Mata uku sun gani. Ɗaya ta yar da bokitinta a nan, ba ta koma ta ɗauka ba.

A zuwa na huɗu maigari ya tara mutane a zaurensa. Tsofaffi suna gefe ɗaya, samarin suna ɗaya gefen. Ni ina bakin ƙofa da jakar kayan aiki.

Wani dattijo, wanda ubansa ke yanka wa rijiyar baƙin bunsuru kafin a haife ni, ya fara.

"Doguwar wurin ce, aljanar rijiyar. Kun rufe mata ɗaki shekara da shekaru, kun huda rami kusa da ita ba ku yi sallama ba. Ta yi haƙuri har ta gaji."

Babban samarin, mai shagon wayoyi a Dutsi, ya yi dariya.

"Baba, doguwar taku roba ta koma ci? Bunsuru ya yi tsada ke nan?"

"Kai dai yi ta dariya. Uwarka ma ta bar zuwa famfon da rana."

"Don kun cika musu kunne. Wanga shirka ne. Abin da ke akwai, mun bar musulmi cikin rami ba sutura. Shi ne laifinmu. A fasa simintin, a hiddo ƙasusuwansa, a kai shi makwanci kamar kowa, a yashe rijiyar mu sha ruwa. Famfo ya tsufa, shi ke nan."

"To ai abin da ni ce ke nan, a buɗe."

"Ba abin da ka ce ba ne."

"Buɗewa dai buɗewa ce, ɗana."

Ban taɓa ganin sun yarda da abu ɗaya ba sai ranar. Maigari ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya juyo wurina.

"Ka ji su. Bazara ta yi tsakiya, dabbobi na kuka, mata sun gaji. In za a buɗe, kai kaɗai ka san cikinta. Ka san inda ta zube, ka san inda shike. Kuma ɗan'uwanka ne. Ba ni aika ɗan wani."

Na ce, "Ka ba ni lokaci."

"Juma'a biyu. In zoben da ke ciki ran Juma'a ta biyu ya kumbura, Asabar mu fasa."

Ban koma Dutsi ba. Na sa sabon zobe, na kwana gidan wani ɗan baffana. Na yi tunani a kan abu ɗaya. Da dare famfon a ɗaure yake. Daga asuba zuwa hantsi mata na kai. Daga la'asar zuwa magariba mata na kai. Saura tsakar rana. A ƙasarmu ta Arewa ba wanda ke zuwa bakin ruwa da tsakar rana. Lokacin masu wurin ne. Ko samarin da ke dariya ban taɓa ganin ɗayansu can a lokacin ba.

Kwana uku ina zama bayan kwamin shan dabbobi daga hantsi har azahar. Ranar farko ba komai. Rana ta biyu ma haka, sai dai fedar ta fara nauyi.

Rana ta uku mace ta ƙarshe ta ɗauki kayanta ta tafi. Fedar ta tsaya a ƙasa. Inuwa ta shige ƙarƙashin komai. Ba kukan kaza, ba daka. Awaki sun kwanta a gindin aduwa, ba ko ɗaya kusa da simintin rijiyar, duk da ginin da aka yi masa yana ba da 'yar inuwa. Ina kallon fedar. Na san dalilin da zai sa ta ɗago. Zoben ya fara kumbura ya riƙe bututu, salka kuma tana turowa daga ƙasa, dole a daɗe kafin ta yi nasara. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma da ta motsa, gashin jikina ya tashi. Ta ɗago kaɗan, ta tsaya. Ta ƙara. Numfashin ya fito daga ƙasa, dogo, irin na wanda aka ɗauke wa kaya daga ƙirji. Ƙafata ta hagu ta fara zugi.

Sai na ga mutum yana tahowa ta hanyar gonaki, ba ta hanyar gari ba. Zafi yana rawa a kan ƙasa, ban ga ƙafafu ba, farin mayafi kawai. Ba bokiti, ba bidon. Na kama bakin kwamin. Da ƙafar za ta ɗauke ni da na gudu.

Matar wana ce.

Ta tsufa. 'Ya'yanta mata sun yi aure nesa, ita kaɗai ce a gidan. Ta zo ta durƙusa gaban famfon. Ta kwance gefen zanenta ta fito da ƙaramar kwalba. Ta ɗiga a jikin sandar feda, daidai inda take shiga bututu, ta bi shi da ido har ya gangara. Tana magana ƙasa-ƙasa. Ba addu'a ba ce. Labari take bayarwa, na ji ta ambaci akuyar da ta haihu da jikan da ya fara tafiya.

Na miƙe. Ba ta firgita ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Mijina, kai ne ka laɓe nan kamar ɓarawon awaki?"

Haka take kirana tun ranar da aka kawo ta gidanmu, ina yaro.

"Yaya, mi kike zubawa?"

"Ba ka da hanci?"

"Tun yaushe?"

"Nan? Tun da yaran nan sunka toshe mini tsagar siminti. Can nike zuba mishi, duk Litinin da Alhamis, tun kana kwance da karaya. Sunka ga kwalabe sunka ce bori ake yi. Ban tanka ba. Na duba, nan kaɗai ne ramin da ke tahiya ƙasa."

"Ba rami ɗaya ba ne."

"Ƙasa ɗaya ce. Ruwan ma ɗaya ne. Kowa anka kai da ƙamshi, shi kaɗai anka bari da warin laka. Kai ka hito, ba ka sani ba."

Na ce ta ba ni kwalbar. Na ɗiga a yatsa na murza. Bai bushe ba. Santsi yake yi. Na shafa a wandona, ya bar tabo mai duhu kamar na miya.

Mai ne.

Sau huɗu ina shinshina shi a jikin zobe. Sau huɗu ina neman mai a famfon. Ban taɓa haɗa su ba. A wurina mai shi ne na inji, na gyaɗa, na shanu. Turare kuwa turare ne, abin Juma'a da biki da gawa. Ƙamshin ya tsorata ni har na manta in taɓa shi da hannu.

Na ce, "Wannan ke kashe zoben. Ki bari."

"Ban bari."

"In ya sake kumbura za su fasa rijiya."

"Na ji."

"Ni za su sa in sauka."

Ta dube ni ta daɗe. Ta sa hannu ta gyara mayafinta.

Ina iya zuwa zauren maigari a lokacin in faɗi abin da na gani. Da an gama. Amma na san abin da zai biyo baya. Samarin za su tsaya ƙofar gidanta da wa'azi. Tsofaffi za su ce doguwa ta hau ta, ita ke aikenta. Matan da suka sha wahalar ruwa makonnin nan ba za su yafe ba. Tsohuwa ce mai zama ita kaɗai. Na ga yadda ake yi da irinsu.

Na ce ta bar mini sauran turaren.

"Ka maido mini kwalbata," in ji ta. "Kuma kar ka shafa ka tahi wurin 'yan matan Dutsi, sai su gudu."

Na koma Dutsi da la'asar. Akwai wani makanike a bayan tasha mai gyaran jak ɗin manyan motoci da famfon gazuwal. Mun daɗe tare. Na ce ya ba ni guntayen robar mai, kowace iri yake da ita.

"Kai da ke aikin ruwa, mi ya kai ka ga kayanmu? Ko famfunanku sun fara ba da isansi, man mota? In haka ne ka kai ni in ɗibo."

"Ba ni dai."

Ya matso ya shinshina rigata, ya ja baya.

"Wa ya rasu?"

"An daɗe."

Bai sake wasa ba. Ya zazzage mini gwangwani guda na tsofaffin zobba.

A gida na jera murafen kwalba huɗu a bayan randa. Na sa guntun robar ruwa a ɗaya, na cikin taya a ɗaya, ja a ɗaya, na mai a ɗaya. Na raba musu turaren. Matata ta ce in fitar mata da abin nan daga ɗaki, ba ta iya cin abinci. Na mayar da su rumfar moto.

Kwana uku na duba. Ta ruwa ta kumbura ta cika murfin. Ta cikin taya ta yi laushi kamar ƙullun da ya kwana. Ja ta ɗan tashi. Ta mai tana nan yadda na sa ta. Na goge ta na danna da farce, ba ta karɓa ba.

Saura girma. Ba a yin zoben mai daidai bakin famfonmu. Makaniken ya tono mini wani na jak ɗin babbar mota, ya ɗan fi faɗi. Na sa shi a jikin sanda, na yini ina juyawa ina goge shi da takardar yashi, ina gwadawa a tsohon bututu. Na ɓata biyu. Na uku ya shiga, ba matsi, ba sako-sako. Rana ba ta kai cikin bututu, don haka ba abin da zai farfasa shi. Salka kuma ban ji tsoro a kanta ba. Mai ba ya nitsewa, a sama yake tsayawa.

Na koma tungar washegarin Juma'ar farko. Zoben da na bari ya riga ya mutu, mata sun koma bin jakuna. Na sa nawa. Ruwa ya zo. A ƙofar zauren maigari na ga diga biyu, da guduma, da sabuwar igiya a naɗe, fara fat. An auna ta, an ƙulla mata alama gaba-gaba. Na ƙirga ƙullin ban so ba.

Na mayar wa matar wana da kwalbar. Ta karɓa ta juya ta a hannu.

"Ka shanye mini."

"Na yi aiki da shi."

"Wane aiki?"

Ban gaya mata ba.

Kwanakin nan shida ban yi aikin kowa ba. Waya tana ta ƙara, ina duba sunan, in ba maigari ba ne in ajiye. Na gwada tuna cikin rijiyar, inda duwatsu suka ƙare aka shiga farar ƙasa, inda katakon yake. Duk lokacin da na kai wurin sai in tashi in fita waje.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, tungar duka ta taru a bakin famfo. Mata suna baya. Na hango farin mayafi a ƙarshensu. Na kwance kan famfon. Ƙamshin da ya taso ya fi na kullum ƙarfi, har na gaba suka yi tari. Ba ɗigo biyu aka zuba ba wannan karon. Sandar tana naso tun daga sama har ƙasa.

Na ja. Ta fito sumul.

Zoben baƙi ne wuluk, girmansa bai canza ba. Na miƙa wa maigari. Ya juya shi, ya miƙa wa dattijon, dattijon ya ƙi taɓawa. Mai shagon wayoyi ya karɓa ya matsa.

"Ta yaya za mu san bai fara lalacewa ta ciki ba?"

Na karɓe shi na sa a baki na cije a gabansu. Ya yi tauri kamar ranar da na sa shi. Ɗacin turaren ya cika mini baki, ya hau hanci. Na tuna duk gawar da na taɓa ɗauka. Na tofar, na mayar da zoben wurinsa, na ɗaure, na taka sau biyar. Ruwa ya zubo. Na sauke ƙafa, fedar ta dawo nan take.

"Ƙamshin fa?" in ji saurayin.

"Ni ruwa anka ce in kawo."

Dattijon ya ce ko ma mene ne, an ba shi abin da ba ya iya ci. Saurayin ya ce maganar ƙasusuwan tana nan. Maigari ya ce ba ya saukar da mai rai don ya ɗauko wanda Allah ya riga ya karɓa, tunda ga ruwa. Ya ce a mayar da diga ga masu su, igiyar kuma a yanka wa masu shanu. Mata suka fara turo bokiti.

Na zauna a gefe ina haɗa kayana. Sai da layin ya kusa ƙarewa matar wana ta zo da ƙaramin bokitinta. Na taka mata har ya cika. Ta tsaya tana kallon ruwan. Ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Da farko ban san turaren ke ɓata abin naka ba. Ranar da ka faɗa mini, na tahi gida na yi murna. Na sai da akuya na sayo kwalba shida."

"Na gani."

"Na ce za su buɗe, in gan shi ko ƙashi ne. Na aje mishi farin yadi tun bara waccan. Shina cikin adakata."

Na sauke ƙafa daga feda.

"Ka hana shi hitowa."

"Yaya, ban iyawa."

Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba. Shekarun nan duka cewa nake yi ƙafa ce.

Ta gyaɗa kai, kamar an gaya mata farashin gero. Ta naɗe gammo ta ɗora a ka. Na kama bokitin na ɗaga mata. Ruwan ya zuba mata a kafaɗa. Ta gyara tsayuwa, ta bi ta hanyar gonaki, a hankali, ta gefen simintin. Da ta zo daidai wurin ta tsaya kaɗan, ta karkata kai, ta bar ruwa ya zuba a kansa. Sannan ta wuce.